Asabar, gidan Kawu

Ruwa aka kwana ana yi, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Na kai wa Inna maganinta, na biya kasuwa na sayo kuɓewa da manja, bayan la'asar ni da Auta muka tari adaidaita sahu zuwa gidan Kawu. Da fara'ata na fita. Ga shi sha ɗaya ta gota, barci ya ƙi zuwa.

Muna shan shayi, Auta na ta duba hotunan Gaza a waya, sai ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, yaƙin Musulmi da Yahudawa ne tun zamanin Khaibar. Kawu ya ajiye kofinsa. "Auta, ka san George Habash?" Bai sani ba. Kawu ya ce likita ne, Kirista, ɗan garin Lidda, yana cikin waɗanda aka kora a 1948, shekarar da Falasɗinawa wajen dubu 700 suka rasa gidajensu, kuma shi ya kafa ƙungiyar PFLP mai fafutukar 'yantar da Falasɗinu a 1967. Michel Aflaƙ ma, wanda ya assasa jam'iyyar Ba'as a Dimashƙa, a gidan Kiristoci aka haife shi. Ya ce a lokacin ba a tambayar mutum masallaci yake zuwa ko coci, in dai Balarabe ne to ƙasarsa aka ƙwace. Can wajen Yahudawa ma haka abin ya faro. Herzl, wanda ya tara taron Sahayoniyawa na farko a Basel a 1897, ɗan jarida ne da ibada ba ta dame shi ba, kuma malaman Yahudawa da yawa sun yi tir da shi, suna cewa bai halatta a kafa ƙasa ba sai Almasihun da suke jira ya zo. Har yau akwai masu wannan ra'ayi a Ƙudus, 'yan Neturei Karta.

Kun dai san Kawu in ya hau zancen Misira. Shekarunsa na Azhar, rediyon Sautul Arab, yadda shaguna ke yin tsit in shugaban ƙasar, Jamal Abdul Nasir, zai yi jawabi, yadda ya karɓe mashigin Suwez a 1956 Ingila da Faransa suna ji suna gani. Fuskarsa har haske take yi. Na daɗe ban gan shi haka ba.

Sai Auta ya ce, da ladabinsa kuwa, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, to wa ya rataye Sayyid Ƙuɗub?"

Shiru. Har na ji ƙarar cokali daga kicin.

Ƙuɗub marubuci ne, jigo a ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi ta Ikhwan. A 1966 gwamnatin Nasir ta rataye shi, Kawu yana Alƙahira. Shekara ba ta zagayo ba aka yi yaƙin watan Yunin 1967, cikin kwana shida Sina'i ta tafi, Gaza ta tafi, Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus da tuddan Golan duk suka tafi. Rediyo na ta shelar an kakkaɓo jiragen Isra'ila, alhali jiragen Misira ne aka ƙone tun suna ƙasa. Can Kawu ya ce a hankali, "Daga ranar na daina kunna rediyon nan." Bai ƙara komai ba, ya miƙe wai zai yi alwala, magariba kuwa da saura.

A hanya na yi wa Auta faɗa. Amma da na zo gida na zauna, na ga yaron abin da ya buɗe ido ya tarar yake faɗi. Hamas ya sani, wadda ta fito a 1987 daga tsatson Ikhwan ɗin da Hasanul Banna ya kafa a Isma'iliyya a 1928. A ɗaya ɓangaren kuma ya tarar da jikokin Gush Emunim, ƙungiyar da ta tashi a 1974 tana ɗaukar gina matsuguni a Gaɓar Yamma a matsayin ibada. Bayahude mai riƙo da addini ne ya harbe Rabin, Firayim Ministan Isra'ila, a 1995 saboda yarjejeniyar Oslo da ya ƙulla da Falasɗinawa. Shekarar 1967 ɗin da ta karya wa Kawu gwiwa ita ce ta buɗe wa masu tutar addini fili, nan da can.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lamarin 'yar jaridar Aljazira, Bafalasɗiniya Shirin Abu Aƙla. Da aka harbe ta a Jenin a 2022, rukunin WhatsApp na 'yan ajinmu ya cika da addu'a, da aka ji Kirista ce sai aka koma gardamar ko ya halatta a nema mata rahama, 'yan sandan Isra'ila kuwa suna dukan masu ɗauke da akwatin gawarta a Ƙudus. A labarin Auta ina za a ajiye ta? A labarin Kawu kuma ina za a ajiye Ƙuɗub, wanda Balarabe ɗan'uwansa ya sa wa igiya?

Kuɓewar na nan a leda, ban yanka ba.

Kullum sai Kawu ya rako mu bakin ƙofa yana sa mana albarka. Yau bai fito ba. Gobe bayan sallar asuba zan kira shi, in kuma sa Auta ya je ya gaishe shi.