Zare da ƙugiya in za ka kama striped bass (wani kifin teku mai ratsi-ratsi) da koto mai rai

Ni dai zaren saƙa nake ɗaurawa, mai ɗaukar fam 30 zuwa 40, baya miƙewa kamar roba, kifi na taɓa koto zaka ji a hannunka. Amma fa duwatsu na cinye shi, shiyasa nake ƙara zaren fulorokabon (wani zaren roba mai kama da gilashi) kamar ƙafa uku a gaba, shi kifi baya ganinsa sosai a ruwa. Ƙugiya kuwa tun 2021 doka ce a gaɓar Atilantika ta Amurka sai mai lanƙwasa kamar zobe in da koto kake, saboda a gefen baki take kamawa ba a ciki ba. Soka ta a hancin ƙaramin kifin da kake koto da shi ya samu yin iyo, in an ja kar ka fizga, wallahi nasha asara a haka, naɗe zaren kawai a hankali.