Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ƙwallon da Ta Tsallake Layi

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda Baba ya raba ni da shagon ɗinki, ya ce in je in fuskanci jarrabawar aji uku. Na yi alkawarin yau zan ba ku labarin yadda muka bar tsohon gidanmu na Kaduna, amma da na zauna rubutu sai wata Lahadi ta tare mini hanya: 13 ga Fabrairu, 2000, ranar wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kamaru. Duk wanda ya haura shekara talatin da biyar kuma yana kallon ƙwallo ya riga ya san inda na dosa.

Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, da rijiya da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mu Hausawa ɗaki huɗu, akwai Yarabawa, akwai Nufawa, akwai wata malamar makaranta 'yar Kudancin Kaduna, sai wani Ibo mai gyaran rediyo da talabijin da ya kama shagon zaure. Oga Mai Rediyo muke ce masa. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, har karin magana yake yi wa Baba. Ɗansa na fari sa'ana ne, tare muke tafiya makaranta, tare muke shan duka idan ƙwallonmu ta faɗa rijiya.

Oga ba shi da talabijin tasa ta kansa. Abin da yake da shi kayan mutane ne da aka kawo gyara, kuma a cikinsu akwai wata mai kala, inci ashirin, wadda mai ita ya kawo tun kafin azumi bai dawo ba. Ita ce ta zama talabijin ɗin gida. Da yamma sai a fito da ita a ɗora kan benci a gindin mangwaro, a jawo waya daga shago, a ajiye ɗan janareta a gefe saboda tsaro. Aikina da Ɗan Oga shi ne eriya. Tana ɗaure a kan doguwar gora jikin katanga, ɗaya ya hau yana murzawa, ɗaya yana ƙasa yana ihu: "Ƙara! Ƙara! Dawo kaɗan! Ya yi, kar ka motsa!"

Yaran yanzu ba za su gane ƙishirwar da muke ciki a lokacin ba. Tun da muka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 1994 ba mu sake taka gasar ba. A 1996 gwamnatin Abacha ta hana 'yan wasa zuwa Afirka ta Kudu, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta ce to 1998 ma ku zauna a gida. Muna da zinaren gasar Olympics ta Atlanta a hannu, muna da Kanu da Okocha da Oliseh da Finidi, amma kofin nahiyarmu sai dai mu ga wasu suna ɗagawa. Kwatsam aka karɓe gasar 2000 daga Zimbabuwe aka ba mu mu da Gana. Har Kano aka buga wasanni, Yayana ya tara kuɗin mota ya je ya kalli Masar, ya dawo ya ishe mu da labari sati guda.

Muka ci Tunisiya 4-2, Kongo ta riƙe mu canjaras, muka ci Maroko 2-0. Senegal ta kusa kashe mu da ciwon zuciya, sai da Julius Aghahowa ya farke ana saura 'yan mintoci, ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci. Amma wasan da ya fi yi mana daɗi a Kaduna shi ne na kusa da ƙarshe da Afirka ta Kudu, domin ɗanmu ne ya gama da su. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ya ci tun mutane ba su gama gyara zama ba, ya sake ci kafin a tafi hutu. Ga kuma Garba Lawal, shi ma ɗan gida. Daren nan kowa a unguwa ya zama ɗan'uwan Tijjani. Wani ya ce tare suka yi firamare, wani ya ce shi ya fara saya masa takalmi. Ni kaina na faɗa wa 'yan ajinmu cewa kakarsa da kakata 'yan ɗaki ɗaya ne. Allah ya yafe mini.

Baba ba ya kallon ƙwallo, ko kuma haka yake cewa. "Ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya a guje," in ji shi. Sai dai ran wasan ƙarshe, ana shirin take wasa, ya fito da buzunsa da rediyonsa ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗaki, inda idan ya ɗan karkata kai zai hango allon. Oga ya ce, "Malam, matso mana." Baba ya ce iska yake sha.

Oga ne kaɗai jikinsa ya yi sanyi tun kafin a fara. Ya ce mu yara ba mu san Kamaru ba. A 1984 a Abijan mu muka fara ci, suka rama suka ƙara biyu. A 1988 a Kasabalanka fanareti ɗaya suka ci suka tafi da kofi. "Sau biyu ina kwana da yunwa saboda mutanen nan," ya ce. Muka yi masa dariya. A Legas fa ake wasan, a Surulere, gabanmu.

Ashe Oga ya san abin da yake faɗa. Minti na 26 wani yaro ɗan shekara 18, wanda yawancinmu ranar muka riƙe sunansa, Samuel Eto'o, ya jefa mana ɗaya. Ba mu gama salati ba Patrick Mboma ya ƙara. Gaskiya ɗaya ce, a wannan rabin Kamaru ta fi mu, kuma da sun ƙara ta uku ba wanda zai ce an yi zalunci. Wannan yana cikin abubuwan da majalisa ba ta son a tuna. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai tsakin Yaya. Dab da hutu Raphael Chukwu ya farke ɗaya, numfashi ya ɗan dawo. Ana dawowa, ko minti uku ba a yi ba, Okocha ya samu ƙwallo can nesa da raga ya ɗirka ta. Ban ga shigarta ba, domin Ɗan Oga ya riga ya faɗo kaina mun kife tare da benci. Da na ɗago sai na ga Baba tsaye, hula a hannu, buzu can gefe. Muna haɗa ido ya mayar da hular ya ce ƙafarsa ce ta yi sanyi.

Haka aka tashi 2-2, ƙarin lokaci ma ba ci, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Har gobe ina iya jero su kamar karatun allo. Okocha ya ci, Mboma ya ci. Okpara ya ci, Wome ya ci. Kanu ya zo, gwarzon Afirka na shekarar da ta gabata, ya buga, gola Alioum Boukar ya tare. Geremi ya ci. Sai Victor Ikpeba.

Ya buga da ƙarfi, ƙwallo ta daki ƙarfen sama daga ciki, ta sauko ƙasa, ta yi tsalle ta fito. Ikpeba ya ɗora hannu biyu a ka. Lafari, wani ɗan Tunisiya, ya ce ba ci. Sai talabijin ta maimaito a hankali, mu duka muna kallo, ƙwallon nan ta dira bayan layi. Ba kan layi ba, bayansa. Oga ya tashi ya je har gaban allon ya ɗora yatsa a wurin, yana cewa "Ga ta nan! Ga ta nan!" kamar lafarin zai jiyo shi daga Legas. Marc-Vivien Foe na Kamaru ya ɓarar da tasa, Oliseh ya ci, muka ɗan sa rai. Rigobert Song ya zo ya rufe zance, 4-3. Kofi na uku ke nan da Kamaru ta ɗauka, duka ukun a kanmu, kuma da yake na uku ne aka bar musu shi gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Sai ji na yi Inna ta make mini hannun daga baya. "Sauke! Uwarka ce ta mutu ko ubanka?" Kun san mu dai, ba a yarda yaro ya ɗora hannu a ka, alamar maraici ce. Sai ta waiga ta ga hoton Ikpeba ana ta maimaitawa, ta ce, "To ga wanda ya koya musu nan. Shi ma da uwarsa ta hana shi tun yana yaro, da yanzu ba a haka ba."

Ita da wasa ta faɗa, amma maganar tata ita ce gardamar da aka kwana ana yi, kuma ita ake yi har yau. Oga ya ce lafari ne, ramuwar 4-2 da muka yi wa ƙasarsa ya zo yi. Baba, mutumin da ba ya kallon ƙwallo, ya ce a'a. "Mai kaya ya ce kayansa sun ɓata, kai ɗan kallo ka ce suna nan? Da ya ruga yana murna, da an ba shi." Oga ya ce, "Haba Malam, ashe shari'a da murna ake yanke ta?" Suka kai tsakar dare. Tuwon da Inna ta ajiye a kwanon sha ya sandare, da safe aka ɗumama.

Yanzu da na girma ina da nawa ra'ayin, kuma ya sha jawo mini zagi a majalisa. Ƙwallo ta shiga, wannan ba gardama. Amma ba kofi aka ƙwace mana ba. Ku lissafa: da an ba Ikpeba, kuma komai ya tafi yadda ya tafi, 4-4 za a tashi a ci gaba da bugu ɗaya-ɗaya, kuma ba wanda ya san ƙafar wa za ta yi rawa. Sannan ban taɓa jin an zauna ana tuna wa Kanu tasa ba, alhali tasa ce faɗuwar da ba ta da uzuri. Muna sonsa, shi ya sa. Ikpeba kuwa, mutumin da ya zama gwarzon Afirka a 1997, wanda ya ci mana biyu a wasan farko na wannan gasar, yau idan ka ambaci sunansa a shagon mai shayi sai wani ya ɗora hannu a ka a yi dariya. Zancen ramuwar Tunisiya ma ban yarda da shi ba. Ƙwallon da ta fi ƙiftawar ido sauri, ba na'urar layi, ba VAR mai duba bidiyo, mutum ne da idonsa biyu. Amma idan na faɗi haka sai a ce mini ɗan Kamaru.

Mun sha rama wa Kamaru bayan nan. A 2004 Okocha ya yi musu bugun tazara muka fitar da su. A 2017 muka yi musu 4-0 a Uyo, a 2019 muka kore su da 3-2 a Masar. A 2013 Stephen Keshi ya kawo mana kofin daga Afirka ta Kudu. Duk wannan bai goge ba. Abu ɗaya ne ya taɓa sanyaya mini fushi, ranar 26 ga Yuni, 2003, da Foe ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a Liyon, ya rasu. Na tuna yadda muka yi tsalle muna murna da ya ɓarar da fanaretinsa, kunya ta kama ni ni kaɗai.

A Fabrairun 2024, da Kodebuwa ta ci mu 2-1 a wasan ƙarshe a Abijan, ina falo da ɗana mai shekara goma sha uku. Haller na cin ta biyu yaron ya ɗora hannu a ka. Inna, da ta tsufa har ba ta ganin allon sosai, ta laluba ta make shi da carbi. Ya yi kuka sosai daren nan. Na rarrashe shi, amma a raina cewa nake, yaro ai kai an ci ka ne da gaskiya, za ka warke.

Makonni biyu kafin wannan, daren da Lookman ya ci Kamaru biyu, saƙo ya shigo mini ta Facebook daga wani suna da ban gane ba, hoton wani ƙaton mutum mai sanƙo a gaban shagon kayan wuta a Anacha. Ba sallama, ba gaisuwa. Da Hausa ya rubuta: "Ta shiga ko ba ta shiga ba?" Na daɗe ina kallon wayar. Shekara ashirin da huɗu rabona da Ɗan Oga. Na rubuta masa, "Ƙara, ƙara, dawo kaɗan." Nan take ya kira. Mun fi awa muna magana, ya ce Oga ya rasu shekarun baya, kuma har ya bar duniya bai yarda da maganar Baba ba. Na ce masa Baba ma ya rasu, shi ma bai janye tasa ba.

Abin da ya sa muka yi shekara ashirin da huɗu ba mu ji ɗuriyar juna ba ya faru ne kwana takwas bayan wasan. Litinin, 21 ga Fabrairu, 2000, mun fita makaranta tare da safe, ba mu kai ƙarfe goma sha ɗaya ba aka ce kowa ya gudu gida, hayaƙi ya tashi a cikin gari. Daren ranar Oga da matarsa da 'ya'yansu huɗu a ɗakinmu suka kwana, Baba yana zaune kan buzunsa a bakin ƙofa. Da za su tafi, Oga ya ɗauko talabijin ɗin nan mai inci ashirin ya tura ta ƙarƙashin gadon Inna, ya ce, "Malam, kayan mutane ne. Idan mai ita ya zo a ba shi."

Yadda aka fitar da su daga unguwar, da wanda ya zo neman talabijin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.