Taka sayyada a gefen Abuja

Da likita ya ce jinina ya fara hawa, bai tsaya ga magani kaɗai ba, ya ɗora mini tafiyar ƙafa. To amma a unguwarmu ta Dutsen Alhaji, tattaki a bakin titi neman wata cutar ce: ga hayaƙin motoci, ga 'yan acaɓa suna gilmawa ta gefenka, ga kwata a buɗe. Ni kuwa wurin da zan ji takun ƙafata nake so.

Na fara da inda kowa ya sani. Bakin tafkin Jabi yana da kyau, sai dai ranar Asabar da safe masu motsa jiki sun cika shi da kiɗa da lasifika. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, ya fi fili, ya kai hekta 32, da rafi ratse da shi. Ranar hutu ko bikin sallah ba masaka tsinke, amma ranar Talata da hantsi kusan kai kaɗai ne da masu shara. A wuraren cikin gari, zaɓen lokaci ya fi zaɓen wuri muhimmanci.

Wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin ruwa, shi ya nuna mini wajen Ushafa, ta hanyar Bwari, inda madatsar ruwa ta Usuma take kwance tsakanin duwatsu. Daga nan ake tace ruwan da yawancin famfunan birnin ke sha, don haka akwai masu gadi, kuma da izininsu ake shiga. Abin da ya fi kama zuciyata ba bakin ruwan ba ne, 'yan siraran hanyoyin da ke bi ta gonaki ne. Babu mai shimfiɗa su sai ƙafar manoman Gbagyi da ta dabbobin makiyaya. Taswirar waya ba ta san da su ba.

Sai ka bi irin hanyar nan da sassafe ka gane. Raɓa ta jiƙa maka bakin wando, fakara ta tashi fir daga cikin ciyawa har gabanka ya faɗi, ga ɗorawa da kaɗanya da manomi ya bari a tsakiyar kunyoyin doyarsa. Wata safiya na yi kiciɓis da wata dattijuwa ɗauke da itace a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Na kauce na ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta amsa da Hausa, ta nuna mini da baki cewa hanyar dama ta yanke a wani kwazazzabo, in bi ta hagu. Tun daga ranar ba na wuce kowa ban gaishe shi ba, kuma kusan duk hanyar da na sani a yankin daga bakin masu gona na same ta. Ƙasarsu ce, in hanya ta shiga shuka, sai in zagaya.

Kowane lokaci da halinsa. Da damina fa yana santsi, ƙaramin rafi kan cika cikin sa'a guda. Da kaka ciyawa ta yi tsayi, nakan sa takalmi rufaffe in riƙe sanda saboda macizai. Da hunturu hanya a buɗe take, amma ƙura da hayaƙin ƙunar daji suna wahalar da mai ciwon ƙirji.

Batun tsaro kuwa ba na wasa da shi. Bayan garkuwa da mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024, na daɗe ban leƙa can ba. Yanzu ma sai mun haɗu mu uku ko huɗu, mu tambayi 'yan banga halin da ake ciki, mu faɗa a gida inda muka nufa, ba ma nisa da ƙauye, kuma kafin rana ta take mun juyo. Ranar da suka ce a dakata, sai mu koma Maitama mu zaga lambun.