Mun dawo lafiya, ga godiyarmu

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kwana huɗu kenan da saukarmu daga Jamus, sai yanzu na samu na zauna in rubuta wannan, don tun da muka dawo barci nake ta ramawa ga muryar ma ba ta gama komawa daidai ba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba ku yi haƙuri dan Allah, duk na gani. Ni ce sakatariyar kwayar jami'armu, wato ƙungiyarmu ta masu rera waƙa tare, 'yan uwa suka ce in rubuta a madadin kowa, amma gaskiya ko ba su ce ba da sai na rubuta, saboda abin ya cika min ciki.

Farko dai godiya ta tabbata ga Allah. Mu 30 muka tafi Jamus har da malaminmu, kwana 12, muka yi waƙa a wuri biyar, kuma mu 30 ɗin muka dawo, ba wanda ya kwana a asibiti, ba wanda fasfo ɗinsa ya ɓata. Wanda ya taɓa jan ɗalibai masu yawa haka zuwa ƙasar da ba su jin yarenta ya san wannan kaɗai abin godiya ne.

Kafin in ambaci kowa, akwai mutum 14 da nake so su fara jin wannan godiyar, su ne 'yan uwanmu da ba su samu tafiya ba. Mu 44 ne a kwaya har da Malam, mu 44 muka yi wata takwas muna koyon waƙoƙin nan, amma kuɗin da aka tara kujera 30 kawai ya iya saya. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba wai waɗanda suka fi iya waƙa ake ɗiba a tafi ba, dole muryoyin su daidaita, in soprano, wato mata masu siririyar murya, sun yi yawa za su danne kowa ba za ka ji bes masu kaurin murya ba sam, to mu kuma soprano ne suka fi yawa a cikinmu, maza masu ƙasan murya kuwa ƙirga su ake da yatsa. Haka Malam ya zauna ya fitar da soprano 9 da alto 8 a mata, tena 6 da bes 6 a maza, shi ne cikon na 30. Ranar da ya karanta sunayen ina kusa da shi, takardar rawa take a hannunsa. Akwai waɗanda aka bari da wallahi sun fi wasunmu da muka tafi murya, kowa ya san haka. Na ɗauka daga ranar ba za mu sake ganinsu a wurin koyo ba, kuma da sun daina zuwa ba wanda zai ga laifinsu. Washegari sai ga su duka sun zo, suka tsaya a layinsu kamar kullum. Ɗaya daga cikinsu ita ta kwana biyu tana jera mana takardun waƙa a fayil kowa da sunansa a jiki, wata ta cire rigar sanyinta sabuwa fil da ta saya saboda tafiyar ta ba wadda ba ta da shi, har filin jirgi suka rako mu suna mana waƙa muna shiga. 'Yan uwana ban san da wane baki zan gode muku ba. Duk tafin da aka yi mana a can da rabonku a ciki, Allah ya saka muku da abin da ya fi wannan tafiyar.

Sai Malam, kwayamastanmu. Baba, mun gode. Mun yi ta gunaguni a bayanka lokacin da ka ce ba wanda zai hau jirgi sai ya haddace waƙa 18 ɗin nan duka da ka, har da na Jamusanci da na Latin, muna cewa ai da takarda za mu riƙe a hannu mene ne na wahalar da mu. To ga abin da ya faru. Muka sauka Frankfurt da safe, kowa ya ɗauki jakarsa, muka tsaya bel ɗin kaya yana ta zagayawa har ya tsaya cak, babban akwatin da ke ɗauke da fayil ɗin waƙoƙinmu duka da rigunan maza bai fito ba, an bar shi a inda muka canja jirgi. Waƙarmu ta farko kuma washegari da yamma ce. Ni da aka damƙa wa akwatin na zauna a ƙasa na fara kuka, Malam ya zo ya tsaya a kaina ya ce tashi 'yata, takarda ce ta ɓata ba waƙa ba. Haka muka hau muka yi awa ɗaya da rabi ba ko falle ɗaya a hannun kowa, idon kowa na kan hannunsa, kuma ni a ganina ba mu taɓa yin waƙa da ta haɗu kamar ta ranar ba, don ba wanda ya sunkuyar da kai yana neman layi. Akwatin sai rana ta huɗu ya iso, ko da ya zo ma ba mu koma riƙe takarda ba. Maganar rigunan maza kuwa, ɗaliban kwayar da ta gayyace mu ne suka bi ɗakunan abokansu cikin dare suka haɗo musu fararen riguna goma sha biyu, wasu hannun ya yi tsawo aka naɗe, mun gode musu ƙwarai.

Maganar biza ma sai an gode wa mutum biyu, ma'ajinmu da wata malama a sashenmu da ta ɗauki abin kamar 'ya'yanta ne za su tafi. Bizar Schengen, wadda ake shiga Jamus da ita, kowane mutum da fayil ɗinsa, takardar gayyata, takardar makaranta da ke nuna kai ɗalibi ne za ka dawo karatu, inda za ka kwana kowane dare, tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya da dole ta kai Yuro 30,000, ka lissafa wannan sau 30. Mama ta bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ta gano sunan mutum uku da harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fasfo da takardar makaranta, aka gyara tun kafin a kai. Allah ya ƙara girma Mama.

Abin da ba wanda ya shirya mu a kansa shi ne ginin da za mu yi waƙa a ciki. Mu a aji muke koyo, ka rufe baki sauti ya mutu nan take. Can kuwa wuri uku cikin biyar tsoffin coci ne na dutse masu rufi can sama, Malam ya shiga na farkon ya ce kowa ya yi shiru, ya tafa hannu sau ɗaya, muka tsaya muna jin ƙarar tana yawo har na ƙirga biyar kafin ta ɓace. Da muka gwada waƙarmu mai sauri sai komai ya cakuɗe, kalmar da ka faɗa tana dawowa ta hau kan wadda kake faɗa yanzu. A cikin awa biyu ya sake mana komai, ya rage gudu, ya ce a fito da baƙaƙen ƙarshen kalma sosai, in an kai wurin numfashi a jira ginin ya gama nasa tukuna. Ga shi yawancin waƙoƙin ba kiɗa, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu kawai yake bugawa a gwiwa ya kai kunne ya ba kowane layi muryarsa, to in an gaji murya tana zamewa ƙasa a hankali ba ka sani ba, sai ka ga ya ɗaga gira yana nuna sama da ɗan yatsa. Amma fa in aka dace, aka rufe waƙa da murya huɗu a tare aka yi shiru, sai ka ji sautin ya rabu da ku ya hau sama shi kaɗai yana juyawa, tsigar jikina har yanzu tashi take in na tuna.

A rana ta uku babbar sopranonmu ta wayi gari ba murya, ko gaisuwa sai da raɗa. Sanyin waje, ga busasshiyar iskar hita a ɗaki, ga waƙa kullum. Matar da ta sauke ta a gidanta, wata tsohuwa da ta haura shekara saba'in wadda ita ma ta yi shekaru tana waƙa a kwayar cocinsu, ta hana ta magana kwata-kwata, ta ba ta takarda da biro ta ce duk abin da take so ta rubuta, ta kashe hitar ɗakin ta ƙara mata bargo, ta dinga kawo mata ruwan ɗumi da zuma, ta naɗa mata gyalenta a wuya. Ba Turanci sosai take ji ba, da hannu da murmushi suka yi kwana uku. Ranar rabuwa ta ƙi karɓar gyalen. Mama, na san ba za ki iya karanta wannan ba amma za a fassara miki, Allah ya ba ki lafiya da nisan kwana. Ita kuma ƙaramar cikinmu 'yar aji biyu da Malam ya juya ya ce ke za ki ja waƙar yau, awa uku kafin a fara, na ga ƙafarta tana karkarwa a ƙarƙashin zani amma muryar ba ta yi karkarwa ba ko kaɗan. Ƙanwata kin fitar da mu kunya.

Duk iyalan da suka buɗe mana gidajensu a Leipzig da Halle da Dresden, bibbiyu bibbiyu suka rarraba mu, suka tashi da asuba suna kai mu tashar jirgin ƙasa, mun gode. Da ɗalibin da ya yi wata biyar yana turo mana muryarsa a WhatsApp yana koya mana yadda ake furta Jamusanci, layi layi, mu maimaita mu tura masa ya gyara, bai taɓa gajiya ba. Bayan waƙar Halle wani dattijo ya zo ya ce ya ji kowace kalma, to wannan yabon naka ne.

Ranar hutunmu ɗaya suka kai mu cocin Thomas a Leipzig, inda shahararren mai tsara waƙoƙi Johann Sebastian Bach ya yi aiki shekara 27, daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kabarinsa na nan ciki a gaba an rufe da farantin tagulla mutane na ajiye furanni a kai. Kwayar yara maza ta cocin tun 1212 take, sama da shekara 800 ana miƙa ta hannu zuwa hannu, muka zauna a benci muka saurare su, yara ƙanana wasu ba su kai kafaɗata ba amma in suka ɗauki numfashi kamar mutum ɗaya ne. Ba wanda ya yi magana a cikinmu har muka fito. Malam da ya shekara sama da ashirin yana koyar da waƙoƙin mutumin nan bai taɓa zuwa ba sai ranar, ya daɗe a tsaye gaban kabarin hularsa a hannu, muka ja baya muka ba shi wuri. A Dresden kuma muka ga Frauenkirche, cocin da ya rushe a yaƙi a Fabrairun 1945 ya zauna tarin duwatsu shekara da shekaru, aka sake gina shi aka buɗe a 2005, tsoffin duwatsun da aka tsinto sun yi baƙi an mayar da su cikin sababbi farare, kana tsaye a waje kana iya nuna su ɗaya ɗaya. A bakinsa muka tsaya muka yi waƙa ɗaya da harshenmu ba shiri, mutane suka taru, wata mata ta tambayi ma'anarta aka faɗa mata.

Iyayenmu, ku kuka fi kowa ɗaukar nauyi. Na san wasu sai da suka ci bashi, wasu suka sayar da abin da ba su so rabuwa da shi ba, wasu kuma tsoro ne ya cika su amma suka daure suka sa hannu a takardar izini. Tsoffin 'yan kwaya da suka gama makaranta tuntuni suka buɗe guruf suka yi karo-karo, da waɗanda suka sayi tikitin waƙar neman gudummawa da muka yi sau biyu, har da wanda ya tura kuɗin kujerar mutum ɗaya cur ya ce kar a faɗi sunansa, ba zan faɗa ba amma Allah ya san ka. Malamanmu da suka ɗaga mana gwaji har mu dawo, da hukumar makaranta da ta ba mu takardu a kan lokaci, da baba mai gadin zauren da muke koyo wanda sau da yawa muke kai shi ƙarfe tara na dare bai taɓa kashe mana wuta ba, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. In na manta wani a yafe min, ba raini ba ne, ku yi min magana in ƙara.

Masu tambayar bidiyo, ana kan haɗawa, waɗanda suka gayyace mu sun ɗauka da kyamara mai kyau za su turo, da ya zo zan sa. Kuma Malam ya ce duk waƙoƙin da muka yi a can za mu maimaita su a zauren makaranta kafin jarabawa, kyauta, mu 44 cif, kuma 'yan uwanmu 14 su ne za su tsaya a layin gaba, su za su ja waƙoƙin. Za a sanar da rana. 'Yan kwaya koyo zai ci gaba ranar Alhamis ƙarfe huɗu, kowa ya zo da fayil ɗinsa, waɗanda kuma suka ari rigar sanyi a wanke a goge a kawo ranar a mayar wa masu su hannu da hannu.