Ranar da tsohon firijin Baba ya sake yin ƙanƙara

Yau Asabar, da aka sauko daga sallar asuba, ni da ƙanena da samari biyu na maƙwabta muka fito da tsohon firijin Baba, Allah ya jiƙansa, daga ɗakin ajiya inda ya shekara goma sha yana shan ƙura. Kelvinator ne mai zagayayyun kafaɗu da hannun ƙarfe, farin fentinsa ya koma ruwan madara, kuma ya girme ni a gidan nan. Kamfanin da ya ƙera shi a birnin Detroit na Amurka aka kafa shi a 1914, aka raɗa masa sunan Lord Kelvin, masanin nan na zafi da sanyi. Sai da muka kishingiɗa shi kafin ya fita ta ƙofa, saboda haka muka bar shi a tsaye har hantsi domin man kwamfiresa, wato injin da ke tura gas cikin bututun firiji, ya koma mazauninsa.

Wani matashin mai gyara ya riga ya gaya mini ta waya cewa a yanke bututu, a jefar da kwamfiresa, a sa sabuwa, a ɗura gas. Raina bai kwanta da maganar ba, shi ya sa na aika aka ɗauko dattijon da ya riƙa duba shi tun Baba yana da rai. Ya tsuguna a bayansa, ya shafa bututun da yatsa yana neman danshin mai, wanda shi ne alamar yoyo, bai samu ba. Sai ya ɗago ya ce, “Ɗana, kada ka bari kowa ya sa reza a bututun nan sai mun tabbatar ya mutu.”

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Gas ɗin da ke ciki R-12 ne, irin wanda aka amince a daina ƙerawa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin iskar ozon da ke kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana, kuma a 2010 wa'adin ƙasashe masu tasowa irin tamu ya cika. Idan aka sake shi ya tafi ke nan, sannan gas ɗin R-134a da ake samu a kasuwa ba ya jituwa da tsohon man da ke cikin injin. Ashe abin da ya fi daraja a jikin firijin shi ne abin da ido ba ya gani, wanda ya zauna a rufe tun ranar da ya bar masana'anta.

Dattijon ya ɗauko mita ya auna ƙusoshi uku na kwamfiresa biyu-biyu, awon ƙanana biyu da aka haɗa ya yi daidai da babban, kuma babu wuta da ke zurarewa zuwa jikin ƙarfe. Wannan ya nuna naɗin wayar ciki lafiya lau yake. Ciwon duka a waje yake: ɓera ya cinye wayar da ta tafi tamosta mai daidaita sanyi, robar sauran wayoyin tana marmashewa a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli, rilai mai tayar da kwamfiresa kuma ya ƙone baƙi ƙirin. Muka sauya wayoyin gaba ɗaya, muka ƙara wayar ƙasa da filogi mai baki uku, na kuma zauna da buroshi na share saƙar bututun baya har baƙin fentinta ya fito.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Da dattijon ya jona, rilai ya yi ƙas sau ɗaya, injin ya ɗauka da wani gurnani mai taushi wanda na gane nan take, domin da shi nake barci a tsakar gida lokacin zafi ina yaro. Cikin rabin sa'a farin raɓa ya lulluɓe ɗan akwatin ƙanƙara daga gaba har baya, dattijon ya ce hakan shaida ce gas bai ragu ba.

Abu biyu suka rage. Robar ƙofa ta bushe, don da muka maƙale takardar naira a bakinta sai ta zame ba tare da turjiya ba. Na biyun ya fi damuna: hannun nan sakata ne da ba ya buɗuwa daga ciki, irin wanda ya sa Amurka ta yi doka a 1956 bayan yara sun riƙa mutuwa a cikin firiji wurin wasan ɓuya. Gidanmu cike yake da jikoki, saboda haka na sa masa kwaɗo, makullin yana hannun Hajiya har sai mun mayar da ƙofar ta maganaɗisu.

Bayan isha'i Hajiya ta fito da tsohon faranti na alminiyom mai hannun ɓare ƙanƙara, wanda ban san ta adana ba, ta cika shi da ruwa, ta saka da hannunta.