Auta da sakamakon zangon nan

Jiya aka ba su sakamako, Auta ya zo na 31 a aji mai yara 38. Ya shigo ya ajiye takardar kan firij ko kallona bai yi ba, sai da daddare ina shafa masa man zafi a ƙafa ya ce, "Umma, ni fa ranar da aka koyar da rabawa ina kwance a asibiti, da na dawo har sun wuce." Wallahi sai da na juya baya don kar ya ga idona.

Na zauna na lissafa, kwana 19 bai je makaranta ba a zangon nan, takwas a gadon asibiti ana ƙarin ruwa, sauran a gida. Sikila gare shi, SS, ni AS babansu AS, wato muna ɗauke da ita a jini amma ba ma ciwon, lokacin aurenmu ba wanda ya yi mana zancen gwaji. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, amma ka shiga makarantun unguwarmu nan Agege ka tambayi malamai me sikila ke yi wa karatu, sai dai a ce maka ai ciwon ƙashi ne.

Ciwon ƙashin shi ne ake gani. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta masu sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, kafin ƙarfe sha biyu ya gaji ya kifa kai a tebur, ita kuma malamarsu ta rubuta a takarda wai malalaci ne. Ga fitsari, ƙodarsu ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa, likita ya ce ya sha ruwa da yawa, malama ta ce ya cika neman fita bayi don gudun aiki, to yaro sai ya daina shan ruwan gaba ɗaya, kwana biyu ciwo ya tashi. Ban zage ta ba, ba ta sani ba ne, amma na ji haushi kam.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne shanyewar da ba ta nunawa a jiki, jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa yaro yana tafiyarsa lafiya lau sai dai mantuwa da rashin natsuwa. Don haka duk shekara muke shan gosulo zuwa cibiyar sikila da ke Idi-Araba kusa da LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a yi masa gwajin TCD, wanda ake ɗora na'ura a gefen kai a auna gudun jini. Daga shekara 2 zuwa 16 ake yi, iyaye don Allah ku tambaya.

Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, akwai kuma azuzuwan haɗaka na yara masu nakasa a wasu makarantun gwamnati, madalla. Sai dai a idon mutane nakasa ita ce makanta ko kurumta ko keken guragu, yaron da ya shigo da ƙafarsa fes-fes ba wanda zai tuna da shi. Hajiya ma ta bugo daga Kano wai a cire shi a bar shi da allo ya huta, na ce to Hajiya, amma a raina na san ba zan yi ba.

Litinin zan je da takardar likita in samu hedimasta. A bar shi da gorar ruwansa a aji, ya fita bayi ba sai ya roƙa ba, ranar da ya yi fashi a turo min aikin ta WhatsApp, in an yi tes yana kwance a sake masa. Shi kuma ya ce in ƙara da cewa a ɗauke kujerarsa daga ƙarƙashin fanka, sanyin yana shiga masa gwiwa.