Na goge kwarzanen, na ɓata gilashin

Har yau in na tuna mintuna ashirin ɗin da na yi ina danna injin nan a wuri ɗaya a gilashin motata, sai raina ya ɓaci.

Hunturun bana ne ya ja min. Kullum da safe ƙura ta lulluɓe gilashin gaba, ni kuma don sauri sai in kunna waifa a bushe. Robar ta cinye ban lura ba, ƙarfen ya ja min dogon zane kamar baka, daidai saitin idona. Ga kuma 'yan ramuka birjik kamar an watsa gishiri, aikin yashin da tireloli ke feso wa mutum a hanyar Zariya.

Na sayo hodar seriyam oksayid, wadda ake goge gilashi da ita, na dama ta da ruwa kamar kunu, na ɗaura faifan ulu a bakin injin huji. Ƙananan kwarzane sun fita ba gardama. Ina yi ina fesa ruwa, ina taɓawa da bayan hannu, domin gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakani, zafi na iya tsaga shi. Wannan kam na kiyaye.

Farce ne ban saurara ba. Na ja shi a kan babban zanen, na ji ya maƙale. Kuma na san abin da hakan ke nufi. Hodar ba ta cike rami, gilashin da ke gefensa take ci har su zo daidai, saboda haka zane mai zurfi sai an ci gilashi mai yawa. Amma da na ga sauran sun fita, sai zuciya ta ɗebe ni. Maimakon in riƙa zagayawa da faɗi, na kafe a kansa ina dannawa.

Ya kuwa fita. Da rana gilashi fes, har maƙwabcina na kira ya gani.

Bayan isha'i na fita. Fitilar mai babur tana shigowa wurin sai na ga ta lanƙwashe, ta goce gefe, sannan ta dawo. Ashe kwarmi na yi, ido ba ya ganinsa, amma ji kake kamar ka sa tabaran wani. Wata adaidaita sahu ta taho, wallahi na kasa gane ko a hannunta take ko a nawa. Kafin in koma gida kaina na sarawa.

Mai gilashi a Ƙofar Ruwa ya shafa wurin da tafin hannu sau ɗaya, ya ce, "Alhaji, ai da ka bar zanen. Wannan sai sabo." Ramukan yashin kuwa suna nan yadda suke, ko ɗaya hodar ba ta taɓa ba.

Na biya kuɗin da nake gudu, ga na hoda a sama. In farcenka ya maƙale, don Allah ajiye injin, balle a saitin idon direba. Yanzu gorar ruwa ba ta barin motata, sai na kwarara wa gilashin kafin in taɓa waifa, yara ma na hana su rubutu da yatsa a kan ƙurar.